Me ya sa sabis ke cushewa a filin wasanmu, amma ƙanena ya kira ni daga Lusail?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'abocin zuwa kallon ƙwallo ne a filin wasan garinmu. Duk ranar da aka yi babban wasa fili ya cika, sai wayata ta nuna sabis a cike amma ko saƙon WhatsApp ba ya tafiya, mai POS na bakin ƙofa ma sai ya ce babu sabis. To amma ranar wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Katar, ƙanena da ke aiki a can ya kira ni ta bidiyo daga cikin filin Lusail, ga mutane kusan dubu casa'in, kuma hoton bai tsinke ba. Yaya suke shirya wannan abu? In aka ba Najeriya irin wannan gasa, za mu iya?" (Wani mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. In na fahimce ka da kyau, kana son sanin dalilin da ya sa waya ke nuna sabis a cike amma ta ƙi aiki idan jama'a ta taru, sannan kana son sanin irin shirin da ƙasa ke yi har ta ɗauki taron da ya ninka namu ba tare da layi ya cushe ba. Maganar Najeriya zan bar ta zuwa ƙarshe, domin amsarta tana cikin na farkon.

Gara ka san da wa kake magana. Aikina tsara sabis ɗin wayar salula ne, ɓangaren da ke tsakanin ƙarfen sabis da wayar hannunka: a ina za a kafa ƙarfe, ina eriya za ta fuskanta, mutum nawa za ta ɗauka. Ban taɓa riƙe aikin Kofin Duniya ba. Tarukan da na kwana a kansu su ne hawan Sallah, gangamin 'yan siyasa, manyan wa'azozi da wasannin lig na gida. Lissafin dai ɗaya ne, girman tukunyar ne ya bambanta.

Sandunan da kake gani a fuskar waya

Sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman wayarka abu ɗaya suke gaya maka: wayar tana jin ƙarfen sabis da kyau. Ba sa gaya maka ko akwai sauran gurbi a jikinsa. Ka ɗauki burtsatsen unguwa. Kana tsaye a gindinsa, kana ganin ruwa na zuba, amma akwai jarka ɗari biyar a gabanka. Kusancinka da famfon bai ƙara masa baki ba.

Yawancin ƙarafan sabis an raba su fuska uku, kowace fuska tana da iyakar abin da take iya ɗauka a daƙiƙa guda, kuma duk wanda ke ƙarƙashinta rabawa suke yi. A 4G, fuska ɗaya mai faɗin zango (wato hanyar iska da sigina ke bi) megahaz 20 tana iya saukar da kimanin megabit 150 a daƙiƙa zuwa wayoyi, ta karɓi kimanin 50 daga gare su. Wannan a takarda ke nan. A fili, cikin cunkoso, in ka samu 30 na abin da wayoyi ke turawa ka gode wa Allah.

To mu yi lissafi da babban filin Abuja mai kujeru kusan 60,000. Mu ƙaddara an zura ƙwallo, mutum ɗaya cikin goma ya ɗaga waya zai tura bidiyo. Mutum 6,000 ke nan. Kowa mu ba shi megabit 2 kawai, ya kama 12,000. Raba da 30, za ka ga ana bukatar fuska 400. Filin garinku kuwa, in irin waɗanda na sani ne, fuska uku ko shida ke kallonsa, daga ƙarafan da aka kafa don gidaje da shagunan unguwa. Ba wanda ya sa taron ranar Lahadi a lissafinsu.

Akwai abin da ke ƙara dagula lamarin. An gina sabis ne bisa ɗabi'ar mutane ta yau da kullum, wato saukar da abu ya fi turawa yawa: kallon bidiyo, karatu, sauraro. Ko a 5G, kaso mafi tsoka na lokaci ana ba saukarwa ne. A filin wasa sai abin ya juye, kowa turawa yake son yi, a kuma daƙiƙa ɗaya. Sannan waya ko tana aljihu ba ta yin shiru. Manhajoji suna ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfe suna neman gurbi, wadda aka hana ta sake ƙwanƙwasawa, har hayaniyar neman shiga ta cinye hanyar da saƙon kansa zai bi. Na sha ganin fuskar da ba ta ɗauke da datar kirki amma ta durƙushe, don kawai yawan masu sallama. Ga jikin ɗan'adam kuma, wanda yawancinsa ruwa ne, yana shanye sigina. Filin da ka auna ranar Laraba babu kowa, wani fili ne daban ranar wasa. Mai POS ɗin da ka ambata kuwa, sim ne a cikin na'urarsa irin naka, yana cikin layin jarkokin tare da kai.

Yadda ake yanka fili

Mutane kan ce a ƙara wa ƙarfen ƙarfi mana. Ƙarin ƙarfi ba ya ƙara gurbi, ƙara hayaniya yake yi. Abin da ake yi shi ne a yanka filin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da tata fuskar. Ana rataya eriyoyi masu tsukakken haske a jikin rufin filin, kowace tana kallon ƙasa, tana haska rukunin kujeru ɗaya kamar yadda tocila ke haska wuri guda. Wasu filayen har ƙarƙashin kujeru da jikin ƙarfen dafawa ake ɓoye ƙananan na'urori, musamman na Wi-Fi, a bar jikin mutane ya zama katanga tsakanin wannan rukuni da wancan. Duk waɗannan eriyoyi ana jan su da wayar faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, zuwa wani ɗaki a ƙasan ginin, inda injinan kamfanonin waya suke jere, da sanyinsu da batiransu.

Wahalar aikin tana wajen iyakoki. In hasken wannan eriya ya zuba cikin na maƙwabciyarta, sai su riƙa toshe wa juna kunne, ka kashe kuɗin fuska ɗari ka samu amfanin talatin. Injiniyoyi kan shafe makonni suna zagaya kujeru da na'urar awo, suna karkata eriya da digiri ɗaya ko biyu. Haka kuma dole a sunkuyar da ƙarafan unguwa da ke waje, kada su leƙo cikin filin su janye wayoyi. Kuma babu mai filin da zai yarda kamfani huɗu kowa ya huda masa rufi, don haka akan gina tsari ɗaya kowa ya jona injinsa. A nan rigimar ke tashi: wa zai biya, wa zai riƙe mukulli, wa za a kira in ya lalace.

Katar ta samu izinin karɓar gasar ranar 2 ga Disamba 2010, aka buga wasan farko ranar 20 ga Nuwamba 2022. Shekara goma sha biyu ke nan. Bakwai daga cikin filayenta takwas sababbi ne, ma'ana an bar wa waya hanyarta, an bar wa injina ɗakinsu tun a zanen gini. Kamfanonin ƙasar biyu, Ooredoo da Vodafone, sun shiga gasar da 5G. Kiran da ƙanenka ya yi maka ranar 18 ga Disamba, Ajantina da Faransa na kai ruwa rana, ta wata ƙaramar eriya da ke saman kansa ya fita, wadda shi da 'yan ɗaruruwan da ke kusa da shi kaɗai ke rabawa. Af, ɗaya daga cikin filayen ma, wanda aka gina da kwantenoni, sunansa 974, lambar kiran ƙasar Katar ke nan daga waje.

Cikin fili ma ya fi sauƙi, don ka san adadin kujeru kuma ba sa motsi. Waje ne ke ba da ciwon kai. Mutanen nan sun sauka a filin jirgi, sun shiga jirgin ƙasa na Doha, sun taru a dandalin 'yan kallo na Al Bidda, sun cika kasuwar Souq Waqif da dare, kuma bayan tashi daga wasa dubbai za su fito lokaci guda kowa na neman mota da ɗan'uwansa. Taron yana tafiya, dole sabis ya bi shi. Alhazanmu sun san wannan: Mina da Arfa kusan babu kowa duk shekara, sai a 'yan kwanaki mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi su sauka, su tashi tare, su sake sauka a wani wurin. A irin waɗannan wurare ake amfani da ƙarfen sabis na kan mota, a ja shi a kafa, a naɗe bayan taro.

Bari in ba ka labarin irin wannan mota. Wata shekara aka ba mu aikin wani babban taro a wani gari. Muka kai motar kwana biyu kafin ranar, muka ɗaga sandarta, muka saita ɗan faranti da zai haɗa ta da wani ƙarfe mai nisan kilomita uku, domin babu faiba a wurin. Irin wannan haɗi sai farantan biyu suna ganin juna ido da ido. Muka gwada, komai lafiya lau, muka tafi masauki. Da asuba aka buga mini waya daga ɗakin sa ido cewa motar ta ɓace daga allo. Na zo na tarar inji na aiki, batir a cike, fitilu duk kore. Sai da gari ya waye na ɗaga kai: cikin dare masu shirya taro sun kafa wani ƙaton allon hoto mai ƙarafa da kwano, daidai saitin farantinmu. Ba su yi laifi ba, ba wanda ya gaya musu akwai hanya a cikin iska a nan. Muka roƙi direban wata motar ɗaga kaya ya taimaka, muka matsar da tamu taku goma sha biyar, muka sake saiti jama'a na shigowa. Tun daga ranar ba na yarda da zanen wurin taro sai na zauna da mai kafa rumfa da mai jan wuta da mai tsaro a tebur ɗaya.

Sai baƙi. Wanda ya zo da layin ƙasarsu, duk lokacin da ya kunna waya sai an tambayi kamfaninsa na gida ko an san shi, ko yana da kuɗi. In hanyar wannan tambaya ta yi ƙunci, baƙo zai tsaya a filin jirgi da waya a hannu ba sabis. Mutanen Adamawa da suka tsallaka Garwa a watan Janairun 2022 kallon Super Eagles a gasar cin kofin Afirka sun san darajar layin da ke aiki a ƙetaren iyaka. Katar ta rage wa kanta wannan nauyi ta hanyar bai wa masu katin Hayya, wato katin shaidar 'yan kallon gasar, sim na ƙasar kyauta.

Sabis ɗin da ɗan kallo ba ya gani

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na 'yan kallo ne, kuma a wajen masu gasar ba shi ne na farko ba. In wayar ɗan kallo ta cushe za a yi ƙorafi. In hoton talabijin ya tsinke kuwa, kuɗin da aka sayar da gasar ne ya tsinke. Saboda haka ba sa haɗa hanya ko kaɗan.

Kamfanin HBS ne ke ɗaukar hoton Kofin Duniya a madadin FIFA, da kyamarori da dama a kowane wasa. Kyamara ɗaya mai hoton 4K, in ba a matse hoton ba, tana fitar da gigabit 12, wato megabit 12,000, a daƙiƙa. Ka tuna lissafinmu na mutum 6,000? Kyamara ɗaya ke nan. Ana jan hotunan ta faiba ta musamman zuwa cibiyar watsa shirye-shirye ta gasar, daga nan gidajen talabijin na duniya su ɗauka. A 2010 cibiyar tana Nasrec a Johannesburg, kusa da filin Soccer City. A 2022 tana babban zauren taro na ƙasa a Doha. Ta gasar 2026 mai ƙasashe 48 da wasanni 104 a birane 16 kuma an zaɓi Dallas. Alƙalan VAR ma ba a cikin filin suke ba. A 2018 suna zaune ne a Mosko ko da ana wasan a wani gari mai nisan kilomita fiye da dubu, alƙalin wasa na jin su a kunne kamar suna gefensa. A Katar an ƙara kyamarori 12 a ƙarƙashin rufin kowane fili suna bin gaɓoɓi 29 na jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ƙwallon kanta tana aiko da bayani sau 500 a daƙiƙa, duk don gane satar gida. Wannan bayani in ya makara da daƙiƙa biyu ya zama shara.

Bayan wannan akwai layin masu sharhi, da wayoyin da ake shimfiɗa wa masu ɗaukar hoto a bayan raga don hotonsu ya isa teburin edita kafin a gama murnar ƙwallo, da na'urorin duba tikiti a ƙofa, da oba-oban jami'an tsaro da na motar asibiti, wanda ke da zangonsa da ƙarafansa don kada cunkoson jama'a ya taɓa shi. Wannan ɓangare na talabijin ba fannina ba ne, maƙwabtaka muke yi da su a ɗakin injina, amma na san ba sa yarda ko waya ɗaya tamu ta ratsa tasu.

Kuma in kana gidan kallon ƙwallo ka ji mai rediyo a waje ya yi ihu kafin ƙwallon ta shiga a allonku, tafiya ce. Tauraron ɗan'adam na talabijin yana sama da kilomita 35,000 daga ƙasa, hawa da sauka kaɗai kusan rubu'in daƙiƙa ne, ga lokacin matse hoto da warware shi. Mai kallo ta intanet kuwa yakan kasance a baya da daƙiƙa ashirin, talatin ko fiye.

Komai biyu

In aka ce in taƙaita tsarin nan a kalma biyu, zan ce komai biyu. Faiba biyu ta ƙofa biyu ta titi biyu, ɗakin injina biyu, wuta daga hanya biyu, sannan tauraron ɗan'adam yana jiran ko-ta-kwana. Dalili kuwa an sha ganinsa.

Ranar 25 ga Yuni 2008, Jamus da Turkiyya suna wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai a Basel ta ƙasar Suwizalan. Filin lafiya lau. Amma cibiyar watsa shirye-shiryen tana Viyana ta Ostiriya, inda aka yi hadari mai ƙarfi wuta ta riƙa ƙiftawa, na'urar da ya kamata ta riƙe wutar kafin inji ya tashi ta gaza. Hoto ya ɗauke a ƙasashe da yawa, masu kallo da dama ba su ga ƙwallon da Klose na Jamus ya ci ba. A tsakiyar Turai ke nan, inda ba a san ɗauke wuta ba. Daren 28 ga Yuli 2024 kuma, ana tsakiyar Olamfik na Paris, wasu suka bi dare suka yanke wayoyin faiba a sassa da dama na Faransa. Wasanni suka ci gaba da tafiya.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Ghana. An buɗe Wasannin Afirka a Akra ranar 8 ga Maris 2024. Ranar 14 ga wata wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ya durƙushe a Ghana ana tsakiyar gasa, mu ma nan muka ji a jikinmu, manhajojin banki suka ƙi buɗewa. Waya huɗu, masu su daban-daban, amma duk ta mashiga ɗaya suka bi.

Irin wannan tarko na taɓa faɗawa a ƙaramin mataki. Mun yi hayar faiba daga kamfani biyu don wani wuri mai muhimmanci, takardu sun nuna hanya biyu, kowa ya sa hannu. Rannan katafilar masu gyaran titi ta kafa haƙori a gindin wata kwalbati, layukan biyu suka mutu a daƙiƙa ɗaya. Ashe kamfani na biyun hayar bututu ya yi a wajen na farkon a daidai wannan tsallake, don kada ya biya kuɗin haƙa. Yanzu in aka ce mini hanya biyu, sai na shiga mota na bi kowace da idona, rami bayan rami.

Zangon iska kuma ba a ƙera shi, rabawa ake yi. Ranar babban wasa akwai makirufo marasa waya, kyamarori marasa waya, jirgi mai saukar ungulu da ke aiko da hoto, na'urar kunnen alƙalai, agogon da ke gaya wa alƙali ƙwallo ta haye layi, oba-oba dubbai, ga kowane gidan talabijin ya zo da kayan ƙasarsu da aka saita a zangon da wataƙila a nan na 'yan sanda ne. Shi ya sa hukumar sadarwa ta ƙasar ke buɗe rajista watanni kafin gasa, a gwada kowace na'ura a manna mata shaida, wadda ba ta da shaida ba ta shiga ƙofa, motocin sa ido kuma suna zagaye suna farautar mai kutsawa zangon wani. A Landan a 2012, ranar tseren keke na maza, bayanin inda 'yan tsere suke ya riƙa bi ta layin wayar jama'a. 'Yan kallo da ke bakin titi suka cika layin da saƙonni, masu sharhi suka rasa sanin tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya, har kwamitin Olamfik ya roƙi mutane su rage tura abin da ba na gaggawa ba. Abin da bai kamata ya shiga layin jarkoki ba aka sa shi a ciki.

Masu kutse ma suna da nasu lissafin. Daren buɗe Olamfik na hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, 9 ga Fabrairu 2018, wani hari ya kashe Wi-Fi na filin da shafin gasar, wasu suka kasa buga tikitinsu. Injiniyoyi suka kwana suna sake tayar da kwamfutoci.

Duk wannan ba ya tabbata sai an gwada da mutane na gaske. Afirka ta Kudu ta yi gwajinta da Kofin Zakarun Nahiyoyi a 2009. Katar ta yi da Kofin Larabawa a ƙarshen 2021, sannan ta cika Lusail ranar 9 ga Satumba 2022 da wasan Al Hilal da Zamalek. Daga nan sai a kulle komai: makonni kafin gasa ba mai taɓa saiti, ba mai sabunta manhaja, ko da yana ganin gyara ne. Yawancin faɗuwar sabis da na gani a rayuwata, wani ne ya taɓa abin da ke aiki.

To Najeriya fa?

Ba baƙi ba ne mu a karɓar gasa. A 1999 mun karɓi ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20, lokacin ko GSM babu, sai a watan Agustan 2001 ta fara. A 2003 Abuja ta karɓi Wasannin Afirka. A 2009 mun karɓi ta 'yan ƙasa da 17, aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, Suwizalan ta doke mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Abuja. Amma a 2009 yawancin masu shiga fili kira da tes kawai suke yi. Tun daga nan ba mu sake karɓar gasar FIFA ba, wato ba a taɓa gwada filayenmu da irin wayar da ke aljihunka yanzu a wannan mataki ba.

Ra'ayina, ɓangaren eriya da injina shi ne mai sauƙi. Kaya ne na sayarwa, 5G ta shigo tun 2022, kuma muna da yaran da suka iya aikin, wasunsu ma a ƙasashen Larabawan suke cin abinci. In akwai kuɗi, shekara ɗaya zuwa biyu ta isa a gyara fili. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙarƙashin ƙasa. Katar ƙaramar ƙasa ce, filayenta duka tafiyar awa guda ce. Mu kuwa yawancin wayoyin teku a Legas suke sauka, daga can zuwa Kano kusan kilomita dubu ne na titin da kullum ana haƙa, ana gyara, ana sata. Kafin a ce Kano ko Kaduna za ta karɓi wasa, sai an samu hanya biyu ko uku na gaskiya, waɗanda ba su haɗu a gada ɗaya ba. Wannan kuma aikin gwamnoni ne kafin ya zama na injiniyoyi. An daɗe da amincewa a kan naira 145 a kowace mita kuɗin izinin haƙa, wasu jihohi suka bi, wasu ma suka yafe, wasu suka yi kunnen uwar shegu. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, amma direban katafila bai karanta takardar ba, sai ma'aikatar ayyuka ta riƙa kiran masu waya kafin ta fara haƙa.

Wuta kuwa, abin mamaki, nan ne muka fi Turawa gogewa. Ba injiniyan Najeriya da zai tsara wuri yana dogaro da wutar gari. Inji biyu, batir, da tankin gas na kwanaki shi ne abincinmu na kullum. Abin da nake tsoro shi ne teburin zama. Hukumar NCC na riƙe da zangon waya, NBC na riƙe da na rediyo da talabijin, filin na gwamnatin jiha ne ko na tarayya, kwastan na riƙe da kayan baƙi a tashar jirgi, ga dokar rajistar layi da sai an san yadda baƙon kwana goma zai bi ta cikinta. In ba a samu mutum ɗaya mai ikon tara su duka shekara uku kafin gasa ba, za a yi ta a gurguje a watan ƙarshe da ninkin kuɗi. Da za a tambaye ni, zan ce a ɗauki birane kaɗan a yi su da kyau, kuma a rubuta tun farko wanda zai riƙe kayan bayan baƙi sun tafi, don na ga ɗakunan injina da aka kashe musu miliyoyi sun zama ma'ajiyar tsintsiya.

Kafin wannan rana, ga abin da zai rage maka takaici ranar Lahadi. Ka riƙe tsabar kuɗin shiga da na ruwa, kada ka dogara da POS ko tiransifa a bakin ƙofa. In saƙo na gaggawa ne, tura tes na gargajiya, domin ƙarami ne kuma yana jira har ya samu kafa. In kira ya ƙi shiga, mayar da wayar kan 3G ko 2G ka sake gwadawa, sau da yawa tsohuwar hanyar ta fi sarari don kowa ya koma sabuwa. Kashe abin da ke kwashe hotunanka zuwa intanet da kansa. Bidiyon kuma ka ɗauka ka ajiye. Kada ka tura shi daidai lokacin da aka ci ƙwallo ko a hutun rabin lokaci, nan ne layin ya fi tsawo. Ka bari a dawo wasa da minti biyar, idon kowa ya koma kan fili, sannan ka danna.